Igiyar Guga a Kasuwar Motoci

Ajiye wayar nan, Tukur, ka daina cusa mini ita a ido. Na ga motocin. Na ga farar da ka ce sabuwa ce dal, na ga shuɗiyar da ka ce 'yar Kwatano ce, wato ta hannu, irin waɗannan da ba su kai jif girma ba, ba su kuma kwanta a ƙasa kamar ƙananan motoci ba. Kana tambayata wadda za ka saya, ni da ko keke ban taɓa hawa ba. To gyara zama ka ji labarin wani tela.

Telan nan gidansu yana ƙuryar wani lungu a cikin gari. Mahaifiyarsa ta tsufa, gwiwoyi sun ƙi, likita ya ce a riƙa kai ta asibiti ana gasa mata su, in ba haka ba za su sandare. Zuwan farko aka aro babbar jif, ta ƙi shiga lungun. Sai maza biyu suka cicciɓi tsohuwa, suka ratsa da ita ta gaban masu shan shayi, tana riƙe da bakin zaninta kada ya kwance. Zuwa na biyu aka samo ƙaramar mota, ta shiga har ƙofar gida, amma kujerarta kamar kujerar tsakar gida take. Tsohuwa ta zauna, tashi ya gagara, sai da aka jawo ta a ƙofar asibiti kamar buhun gero. Da ta dawo ta kira ɗanta ta ce, "Ranar da za a sake ɗaukata a lungun nan, to a makara ce." Ita kuwa mace ce da ba ta maimaita magana. Ta zauna a ɗaki, ƙafafu suna ta ƙara ƙagewa.

Tela ya tattara abin da ya daɗe yana tarawa, ya nufi kasuwar motoci riƙe da igiyar guga da sandar mahaifiyarsa. Dillalai suka yi masa caa. Wannan ya buɗe masa inji, wancan ya nuna masa ɗan gilashin da ke nuna wa direba abin da ke bayansa, wani ya kunna masa sanyi ya ce ya sa hannu ya ji. Shi dai ya ce madalla, ya durƙusa gaban wata sabuwa, ya miƙa igiyarsa daga tayar dama zuwa ta hagu. Mutane suka fara taruwa. Wasu suka ce asiri ne, wani da ya san sana'arsa ya ce a bar shi, riga zai ɗinka wa motar. Babban dillalin ya kasa haƙuri, ya tsuguna kusa da shi ya tambaye shi ƙullin da ke jikin igiyar na mene ne. Tela ya ce faɗin lungunsu ke nan a inda ya fi matsewa, dakalin maƙwabci a dama, kwata a hagu. Sabuwar ta wuce ƙullin da yatsu huɗu. Dillali ya ce ai madubanta naɗewa suke yi. Tela ya ce, "Madubi na naɗewa, Alhaji. Taya fa?"

Daga nan ya riƙa bin motocin yana buɗe ƙofa, yana dasa sandar a ƙasa kusa da kujera. A jikin sandar akwai tsagar wuƙa, daidai inda kwankwason tsohuwa ke kaiwa in tana tsaye. Kujerar da ta yi ƙasa da tsagar ya rufe ƙofa, wadda ta yi sama ya rufe ƙofa. Can ƙarshen layi ya tarar da wata da fentinta ya koɗe, an yi amfani da ita a wata ƙasa kafin ta iso. Igiya ta yi, sanda ta yi. Sai a lokacin ya kira bakanikensa, ya ce ya shiga ƙarƙashinta ya duba da kyau. Bakanike ya fito ya ce inji lafiya lau, ƙafar gaba ce ke son gyara, sanyin ma ba wani ƙarfi. Tela ya ce waɗannan ana gyara su, lungu ne ba a gyarawa. Ya kuma ce ba zai biya ba sai an kai ta ƙofar gidansu. Dillalin da kansa ya tuƙa, don shi ma yana son ya ga ƙarshen abin.

Mota ta wuce tsakanin dakali da kwata kamar zare a kafar allura. Tela ya kai wa tsohuwa sandarta, ta fito da kanta tana dogarawa. Jikokinta suka miƙo hannu ta doke su. Ta juya baya, ta zauna a kujerar kamar mai zama a bakin gadonta, ta ɗago ƙafa ɗaya, ta ɗago ɗayar. Da suka zo gaban masu shan shayi ta sa aka sauke gilas, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunan ubansa.

Kai kuma ka zo mini da hoto. Ka san zurfin ramin da ke hanyar gidanka da damina? Ka san wanda zai riƙa shiga motar, da yadda zai fita? Tashi ka je ka auno, sannan ka dawo mu yi maganar fara da shuɗiya. Dillali ya san motarsa, bai san lungunka ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.