Tseren Ɗakin Karatu

Shayin Auta ya huce a ɗakin hutun ma'aikatan jinya, ita kuwa ta ƙura wa waya ido kamar mai duba sakamakon gwajin jini. Zagaye na goma sha tara ke nan. Garinta ya tara dutse da katako, wasan yana tambayarta ginin al'ajabin da za ta fara: Dala, Ganuwa, ko Ɗakin Karatu.

Wasan kafa gari ne da raya shi, bi da bi. Ka yi naka ka tura, abokin karawarka ya yi nasa ya maido. Ita da Baba suke bugawa, zagaye ɗaya kullum, tun da aiki ya kai ta wani gari shekara shida da suka wuce. Taswira ɗaya ce ba sa canzawa, shi a bakin kogi, ita a gindin tsauni. Baba tsohon mai awon filaye ne, cewa yake mai hankali ba ya barin ƙasar da ya riga ya auna.

Ginin al'ajabi sau ɗaya ake yin sa. Wanda ya riga gamawa shi ke da shi, ɗayan kuma wahalarsa ta bi ruwa. Dala tana ƙara wa leburori hanzari, Ganuwa tana tare mahara. Ɗakin Karatu kuwa na Baba ne, ko kusa ba a zuwa. Idan ta ƙyale shi, ba ya gaggawa. Idan ta nema, sai ya gama a zagaye na talatin da ɗaya, saura ƙiris nata ya kammala, sannan ya bugo waya yana ƙyaƙyata dariya har da tari.

Dariyar nan ce ta kwana biyu ba ta ji ba.

A sashen tsofaffi take aiki, ta san yadda ciwon mantuwa yake sallama. Zuwanta gida na ƙarshe, sau uku Baba ya tambaye ta ya hanya. Yanzu in ta kira, Umma ce ke ɗauka: ya shiga wanka, ya ɗan kishingiɗa, bari dai in ya tashi. In an ba shi, gaisuwa ce a tsaitsaye. Daga nan Umma ta karɓe zancen, ta koma labarin maƙwabta da sabon gilashin da aka yanka mata don zira zare a allura.

Wasan ne kawai bai tsaya ba. Da can da sanyin safiya zagayensa ke shigowa, yanzu sai bayan abincin rana, amma bai taɓa fashi ba. Sai dai kwana biyar da suka wuce mahara sun ƙone masa gona ɗaya, har yau bai gyara ba. Baban da ba ya iya wuce karkataccen shinge bai tsaya ba!

Wallahi tsoro take ji. In ta zaɓi Ganuwa, babu tsere, babu abin da za ta gano, ta ci gaba da yaudarar kanta cikin kwanciyar hankali. In ta zaɓi Ɗakin Karatu, nata zai kammala a zagaye na talatin da biyu. Kuskure ɗaya ya isa Baba ya makara. Ita kuwa ta san abin da nasararta za ta nufa, kuma ba ta so.

Ta yi bisimilla ta danna Ɗakin Karatu.

Kwana goma sha biyu ta yi tana jibga dutse tana roƙon Allah Ya sa a kayar da ita. Abinci ya daina shiga. Ran zagaye na talatin da ɗaya tana tsaye wajen keken magani wayar ta yi ƙara. Ta ciro ta ta buɗe. Wasan ya sanar da ita cewa an riga ta, ginin ya tashi a bakin kogi.

Ta zauna a ƙasa tana hamdala, hawaye shar. Abokiyar aikinta ta riƙe haɓa ta ce yau ta ga ikon Allah, an lallasa mutum yana godiya.

Washegari ta karɓi hutu ta hau mota ba ta gaya wa kowa ba, don ta je ta sha tsiyarta ido da ido. A ƙofar gida ta tura zagayenta, ta shiga da sanɗa. Baba na gyangyaɗi a kujerar falo, carbi ya zame masa a cinya. Ta yi murmushi, ta miƙa hannu za ta tashe shi.

Sai ta ji kiɗan wasan yana fitowa daga ƙaramin ɗakinsa.

Ta tura ƙofar a hankali. Umma ce gaban kwamfuta, Umman da ta shekara shida tana kiran wasan nan shiririta, sanye da sabon gilashi, yatsa ɗaya a kan maɓalli, ɗaya yana bin layi a tsohon littafin awon Baba. Rubutunsa ne, zagaye bi zagaye, yana ƙara karkacewa shafi bayan shafi. A saman shafin da ke buɗe ya ja layi biyu ƙarƙashin wannan: “Na talatin da ɗaya, ki gama Ɗakin Karatu. Kada ki bari Auta ta ci, za ta gane.”