Zobban Molon Maestro Taddeo

Ran Asabar Monna Nicolosa take gyara wa Maestro Taddeo zobban molonsa. Ko Juma'a ce? Ranar da ake kawo kifi daga kogin Po dai, to Juma'a ke nan. Zobban na hanjin tunkiya ne, guda takwas, ana zagaya su a wuyan molo a ƙulle ta baya, su ke nuna wa yatsa inda zai danna. Idon Maestro ya yi rauni, shi ya sa ya bar wa mai girkinsa aikin. Ban da ita, ba ya yarda kowa ya taɓa molon.

Shekara uku ke nan da ta ƙwanƙwasa ƙofarsa da ɗan ƙunshin kayanta. Abin da ta tambaya kawai shi ne ko nan ne gidan shugaban makaɗan Sarki.

"Wa ya koya miki wannan ƙulli?" ya taɓa tambayarta, yana shafa shi da babban yatsa.

"Ga wadda ta saba ɗaure bakin hanji a madafa, Maestro, ai wannan wasa ne."

Shekara ashirin Taddeo ya yi a kan kujerar shugabancin makaɗan. Ya same ta ne ranar da ya miƙe a gaban fadawa ya ce kunnen malaminsa, tsoho Bonaventura, ya mutu. Aka sallami tsohon, ya rasu bai ga ƙarshen sanyin shekarar ba. An ce ya bar iyali a wani ƙauye, sunan ƙauyen ya kuɓuce mini. Shi ma Taddeo bai taɓa tambaya ba.

Yanzu abin da ke hana shi sukuni daban ne. A gida molon yana masa daɗi kamar kullum. Amma da ya shiga fada, aka haɗa da goge da sarewa, sai kiɗa ya riƙa karo. Bara kaɗan-kaɗan, bana kuwa har masu raba abinci suna duban juna.

"Tsoho, ko a kawo maka man zaitun a ɗiga a kunne?" in ji Gasparo mai goge.

"Gyara gogenka, jaki. Kai ne a karkace."

Sarki zai aurar da ƙanwarsa, ya aiko wa Taddeo cewa bikin shi ne gwajinsa na ƙarshe. Taddeo ya kwana biyu yana tunani, har ya gano: Gasparo ya ɗaura tsirkiyar hanjin kyarkeci. Kowa a garin ya san tsirkiyar tunkiya ba ta iya murya a kusa da ta kyarkeci, tsoro ke kama ta. Ya faɗa wa Nicolosa, yana huci.

"Ka tona shi a gaban kowa, Maestro," ta ce, tana yanka albasa. "A gaban kowa ya fi ciwo."

Ranar biki da tsakar rana, ana cikin rawa ta biyu, kiɗa ya ɓaci. Taddeo ya miƙe ya nuna Gasparo. Sarki ya sa aka tsinke tsirkiyoyin gogen, aka ɗaura sababbi a idon baƙi. Aka sake. Bai canza ba.

"Kaɗa kai kaɗai," Sarki ya ce wa Taddeo.

Ya kaɗa. Bai taɓa jin hannunsa ya yi kyau haka ba. Da ya ɗaga kai, amarya ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya.

Gasparo ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, kunnensa ya mutu."

Taddeo ya dawo gida a ƙasa, ba rakiya. Ya miƙa wa Nicolosa molon. "Sa shi a murhu."

Ta kai shi madafa, ta tura ƙofa. Juma'a ɗari da hamsin ta yi tana gusar da zobban nan, kaurin gashi ɗaya kowane mako, don kunnen mai shi ya saba da karkatar bai sani ba. Yanzu ta mayar da su gurbinsu na asali ɗaya bayan ɗaya, ba ta ko auna ba, ta ja ƙullin yadda mahaifinta Bonaventura ya koya mata tun tana zaune a cinyarsa, sannan ta taɓa tsirkiya ta ce, "Ka ji, Baba? Daidai yake."