Kangon Sai-Haƙuri

Ke, yau dai an yi ta, an sayar da kangon nan na bayan makaranta! Matso ki ji kafin a kaɗa ƙararrawa.

Ke baƙuwa ce, ba ki san mai shi ba. Wani ɗan kwangila ne mai tumbi, ana ce masa Sai-Haƙuri, don ko kuɗinki ya cinye abin da zai ce miki ke nan. Filin ma asali na ƙaninsa ne. Ƙanin ya tara kuɗin gini ya damƙa masa, har da zanen gidan da ya yi da biro a takarda: ɗaki uku, falo, da mangwaro a tsakar gida. Ana cikin tonon fandisho ƙanin ya rasu. Ba a yi wata uku ba Sai-Haƙuri ya je wa matar da wani dogon lissafi. Wai kaya sun yi tsada, kuɗi sun ƙare a rami, shi ma yana bin mamaci bashi, don haka ya riƙe filin. Takardar zanen kawai matar ta roƙa, ya wurga mata, ta koma kan keken ɗinkinta.

Sai da aka shekara bakwai ya tashi gina nasa a wurin. Kuma bene, wai don a san ya isa.

To, abin da ya saba faɗa wa mutane da ƙarya sai ya same shi da gaske. Kafin gini ya kai linta, lissafinsa ya ninka. Rodi ya tashi, tifar yashi ɗaya ta koma kuɗin biyu, leburori suka ce ba a tsohon farashi ba. Kullum yana ƙarƙashin mangwaron da ƙanin ya dasa a filin yana danna waya yana tsaki.

Matar ƙanin kuwa duk sati ta nan take bi in za ta kai yunifom ɗin da ta ɗinka makaranta. Sai ta durƙusa har ƙasa. "Yaya, sannu da aiki." Wata rana ta ƙara da cewa, "Yaya, na ji a rediyo siminti zai sake tashi. Da ni mai hali ce, da na saya na ajiye."

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Tela da gini? Je ki ji da zare."

Washegari ya zuba duk abin da ke hannunsa a kaya. Siminti buhu ɗari uku, ƙofofi, tagogi, tayil, komai ban da kwanon rufi. Tsabar maƙo ya hana shi kama sito, ya jibge simintin a falon da ba rufi, ya lulluɓe da tsohon tampol. Ruwa ya sauko da wuri, kwana uku bai ɗauke ba. Da aka yaye tampol, buhunan nan sun zama duwatsu, ko da guduma sai an yi da gaske.

Daga nan ya fara sayar da kaya don ya sallami magina. Ƙofofi suka tafi a rabin kuɗi, sai tagogi, sai tayil. Dillali ya ce mai saye guda ne, kuma ba ya so a san shi.

Sai-Haƙuri ya ce ai ya san ko wane ne. Maƙwabcinsa ne mai kemis, wanda suka taɓa zage-zage a kan taku ɗaya na katanga. Ilai kuwa, mai kemis ya aiko a fili yana taya kangon, da kuɗi masu kyau. Saura kaɗan ya sallama.

Ran nan matar ƙanin ta biyo. "Yaya, wai mutumin da ya zage ka a gaban leburori shi zai miƙe ƙafa a falonka? Ni dai ba ruwana."

Ke, kamar an zuba masa fetur. Ya ce ko kyauta gara ya bayar da ya ga mai kemis a ciki. Ya sa dillali ya rantse cewa wancan ɓoyayyen ba mai kemis ba ne, dillali ya rantse hankali kwance. Tayin da ɓoyayyen ya yi wa kangon bai kai rabin na mai kemis ba, kuma da sharaɗi: kar a taɓa mangwaron. Sai-Haƙuri ya ce a roƙa masa ƙari ko yaya ne. Dillali ya dawo yana sosa ƙeya.

"An ce in gaya maka kaya sun yi tsada. Sai haƙuri."

Ya haɗiye, magina na tsaye a kansa. Yau da safe ya sa hannu a ofishin lauya, lauyan ne ya tsaya wa mai saye. Yana fitowa ya zarce ƙofar kemis, ya tsaya yana kaɗa takarda yana cewa ya rama. A hanya ya haɗu da matar ƙaninsa, ita ma ya ba ta labari yana washe baki. Ta durƙusa ta ce, "Allah ya sanya alheri, Yaya."

Kin tuna kin tambaye ni me ya sa nake zuwa da ciwon wuya? Wata biyar ke nan katifata tana kan tulin ƙofofi. Don Allah kar ki gaya wa kowa tukuna, sai gobe Mama ta je ta gai da Sai-Haƙuri kamar kullum, sannan ta ciro zanen Babanmu daga jaka ta tambaye shi ina za a sa ƙofar falo.