Kantar Motocin Kara

Motocin karan dawa tara na ƙera, akuyar Inna ta cinye huɗu. Ina cikin kuka Baba ya dawo daga gona da la'asar. Na zaci faɗa zan sha, don ban kai masa ruwa ba. Sai ya ɗauko bencin da yake zama a zaure, ya ɓalle ƙafafunsa, ya shafe katakon da baƙin mai saboda gara, ya kafa shi a bango.

"Jera su da kanka," ya ce. "Mai sana'a ba ya barin kayansa a ƙasa."

Har yau in na wuce gareji na shaƙi baƙin mai, sai bakina ya kama yi wa Baba addu'a.