Ranar Karrama Malamin Kiɗa

"Baba, ba kati, ba shiga," in ji mai gadin makarantar.

Tsohon malamin kiɗan bai ja da shi ba. Ya jingina da katanga yana sauraro. A ciki tsofaffin ɗalibansa ne ke rera waƙar da ya koya musu tun suna yara. Idonsa ya ciko. Ashe ba su manta da shi ba.

Sai muryar ɗalibarsa, wadda yanzu ta zama fitacciyar mawaƙiya, ta fito ta lasifika:

"Duk abin da muka zama, shi ne sila. Mu yi wa marigayi malaminmu addu'a."

Mai gadin ya shafa, ya juyo.

"Haba Baba, ko amin ba za ka ce ba?"