Hitar Rabin Kuɗi

"A rabin kuɗi zan ɗaura miki hitar wankan, Hajiya," in ji mai gyaran famfo. "Wancan da ya tsuga miki kuɗi ɓarawo ne."

Bai gaya mata zai tsallake wayar da ke hana wuta jan mutum ba. A ransa ya ce, in ta ja wani, ai ƙaddara ce, shi dai ya yi gaba.

Da ya gama ya miƙa hannu a biya shi. Hajiya ta ɗora masa tawul da sabulu.

"Ɗan nan, a gidana wanda ya ɗaura shi yake fara wanka."

Ya dubi banɗakin, ya haɗiyi yawu.

"Hajiya, kina da lambar ɓarawon nan?"