Akwatin Duhu a Ƙofar Kasuwa

Tun da aka hana kama kifin shak ɗin nan na can ƙasan teku, wanda macensa ke shafe shekaru da ciki kafin ta haifi 'yan ƙalilan, ba mai shiga kasuwa sai ya zura hannu a akwatin duhu. Duk wanda ya shafa man hantar kifin, fatarsa takan yi haske shuɗi-shuɗi a ciki. Daga nan sai kotu.

Karimatu na cikin layi, tana ta goge hannu da gefen mayafi. Jiya Inna Tasalla mai gyaran jiki ta mulke ta da wani sabon mai, ga shi yau tsohuwar na tsaye a bayanta.

"Inna, tsakaninki da Allah, man kaɗe ne?" ta ce ƙasa-ƙasa.

"Ke 'yar nan, ni zan cuce ki?"

"Man kaɗe yana da wari. Wannan ba ya warin komai, kuma nan take fata ta shanye shi."

"Tace shi aka yi. Matsa gaba, kina tsare mutane."

Layi ya zo kanta, ta zura hannu a akwatin. Ma'aikaciyar da ke duba akwatin, sanye da safar hannu duk da zafin ranar nan, ta leƙa ta ɗan gilashi. Ta daɗe tana kallo.

"Wuce, babu komai," ta ce.

Karimatu ba ta yi nisa ba ta ji ma'aikaciyar ta rage murya.

"Inna, kwalbata ta man nan fa ta kusa ƙarewa."